Iskar Taya: Nawa Za a Sa, Yaushe Za a Auna

Da zarar bazara ta kama, rana ta fara gasa kwalta tun daga Sakkwato har Maiduguri, sai wata shawara ta fara yawo a tashoshin mota: a rage wa taya iska, kada zafi ya fasa ta. Direba zai tsaya a Zariya ko Kwanar Dangora, ya dafa taya ya ji ta ɗau zafi, ya sa bakin makulli a bawul ya sace mata iska, ya koma kan hanya da zuciya ɗaya cewa ya yi rigakafi. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Tayar da iskarta ta gaza ita ta fi ɗaukar zafi, kuma ita ta fi fashewa a doguwar tafiya.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Ba robar ce ke ɗauke da mota ba, iskar da ke ciki ce. Aikin roba da zare da wayoyin ƙarfen da aka saƙa a jikinta shi ne su riƙe iskar. Duk juyin da taya ta yi, wurin da ya taka ƙasa yakan lotsa, in ya bar ƙasa ya miƙe. Tayar ƙaramar mota da ke gudun kilomita 100 a awa tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa guda. In iska ta cika daidai, lotsawar kaɗan ce. In ta gaza, gefen tayar yakan lanƙwashe sosai a kowane juyi. Wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san abin da ke biyo baya: ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, sai wurin ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, daga nan ya tsinke. Haka zafi ke taruwa a cikin taya har mannen da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe ya saki, fatar saman ta ɓare, ko gefen ya yage a tsakiyar gudu.

Ƙaruwar iskar da direban ya ji tsoro kuwa ba baƙon abu ba ne. Kowace taya in ta yi tafiya iskarta takan hau da 3 zuwa 6 a ma'aunin PSI, kuma masu ƙera mota sun sa wannan a lissafi tun kafin su rubuta adadin da suka rubuta. Wanda ya sace iska taya na da zafi, in ta huce zai tarar da ita ƙasa da inda ya kamata, gobe kuma ta fi yau zafi.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar wannan, kuma a cikin gari ya fi yawa. Ka tsaya wurin mai faci ka ce a ƙara maka iska, ba ka faɗi nawa ba. Yaro zai ja tiyo, ya danna, ya bugi taya da ƙarfe ya saurari ƙarar, ya ce ta yi. In ka auna za ka ga 45, wani lokaci 50, a motar da aka ƙera don 32. In ka yi magana ya ce, “Alhaji, hanyoyinmu ba irin na Turai ba ne, sai da iska sosai.” Ba mugunta ba ce; haka ya gada daga maigidansa, kuma yawancin masu mota ba su taɓa ba shi lamba ba. Amma tayar da ta sha iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taka ƙasa sosai. Riƙon hanya yakan ragu, musamman da damina, mota ta riƙa tsalle a gargada, duk ramin da aka faɗa kuma dukan ya wuce kai tsaye zuwa ƙafar mota. Daga nan sai a yi ta zarya wurin makaniki ana canza kayan ƙafa, ba wanda ya tuna da taya.

Inda aka rubuta adadin

Ba sai an yi gardama ba, domin kowace mota ta zo da lambarta. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, ko gefen ƙofar kanta. Za ka ga wata 'yar takarda a manne, ɗauke da girman taya da iskar gaba da ta baya, sau da yawa har da ta safaya. Motocin Japan da waɗanda aka shigo da su daga Amurka a nan suke sa ta. Motocin Jamus da yawa kuwa a bayan murfin tankin mai suke liƙa tasu. In fenti ya rufe takardar ko an ɓanɓare ta, kamar yadda ake yawan samu a motocin da suka sha gyaran jiki, adadin yana cikin littafin motar. In babu littafin, a nema a intanet da sunan motar da shekararta da girman tayarta, ko a leƙa ƙofar wata mota irinta sak.

Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke. Amma kada wannan ya sa ka yi ƙiyasi, don akwai motar da gabanta ya fi bayanta, akwai wadda bayanta ya fi. Bas irin Hiace kuma lissafinta daban: tayoyinta na ɗaukar kaya ne, za ka ga harafin C a ƙarshen lambar girmansu, kuma iskarsu takan wuce 45, ta baya ma ta fi haka in an yi lodi.

Lambar da ke ruɗar mutane ita ce wadda ke jikin tayar, wadda aka rubuta da ƙananan haruffa kusa da rim: MAX PRESS, sai 44 ko 51 PSI. Wannan iyakar abin da aka yarda a sa wa tayar ne, ba abin da motarka ke buƙata ba. Kamfanin taya bai san a wace mota za a ɗaura ta ba. Taya mai lamba 195/65 R15 tana iya shiga motoci iri-iri masu nauyi daban-daban. Wanda ya san nauyin da ke kan kowace ƙafa shi ne wanda ya ƙera motar, shi ya sa maganarsa ake bi, ko da an canza tayoyin zuwa na wani kamfani, muddin girman bai canza ba.

Ma'aunin iskar taya kala uku ne, kuma a kan takarda ɗaya kana iya ganin biyu. A Najeriya da PSI aka saba. A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa bar aka fi sani. Na uku shi ne kPa. Bar 1 daidai yake da kPa 100, ko PSI 14.5. Ke nan bar 2.2 shi ne kPa 220, shi ne PSI 32, bar 2.4 kuma wajen PSI 35. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi ya riƙe waɗannan biyun a ka, sun ishe shi.

Auna ta tana sanyi

Adadin da ke kan takardar na taya mai sanyi ne, wato motar da ta yi aƙalla awa 3 a tsaye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 a hankali ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe, kafin a fita, kafin rana ta bugi gefe ɗaya na motar. Motar da ta wuni a rana, tayoyin ɓangaren rana sukan nuna fiye da na ɓangaren inuwa, alhali babu abin da ya same su.

A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk sauyin digiri 10 na zafi yana motsa iskar taya da wajen PSI 1.5. Asubahin hunturu a Kano kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, azahar ɗin watan Afrilu kuma ta haura 40. Tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin PSI 4 ko fiye, ba tare da ƙusa ta taɓa tayar ba. Saboda haka wanda ya daidaita iskarsa a zafin Oktoba, in sanyi ya shigo a Disamba zai tarar ta sauka. Shigowar hunturu lokacin sake aunawa ne. Ban da wannan, taya lafiyayya ma tana rasa kamar PSI 1 a wata, don iska na ratsa roba a hankali.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar zamani dai bai sani ba. Tayoyin yanzu, masu harafin R a lambarsu, gefensu mai taushi ne, ko da iskarsu daidai sai ka ga sun ɗan yi tumbi a ƙasa. Taya mai 32 da mai 25 in an jera su, da wuya ka bambance da ido. Shuri da ƙafa da danna babban yatsa duk ɗaya ne. Kafin ido ya gane taya ta yi ƙasa, ta daɗe tana cin kanta.

Don haka ka sayi gejin kanka. Akwai mai kama da biro wanda sanda ke fitowa ta ƙarshensa, akwai mai fuskar agogo, akwai mai batir da ke nuna lamba. Ni mai agogo na fi so, ba ya buƙatar batir kuma karanta shi ba wuya, amma kowanne ya fi babu. Kuɗinsa bai kai na litocin mai kaɗan ba. Dalilin mallakar naka shi ne gejin bakin titi yana shan wahala: ya faɗi ƙasa, ya sha ƙura, a taka shi, ya shekara ba wanda ya gwada gaskiyarsa. Masu faci biyu a layi ɗaya suna iya ba ka lamba biyu a taya ɗaya. Naka ko da yana da ɗan kuskure, kullum kuskuren iri ɗaya ne, za ka gane in taya ta sauka. Ajiye shi a aljihun mota, ba a but inda jak zai danne shi ba.

Aunawar kanta minti biyar ce. Kwance murfin bawul ka sa a aljihu, don in ka ajiye a ƙasa ya tafi ke nan. Ɗora bakin geji a kan bawul a miƙe, ka danna da ƙarfi sau ɗaya. Za ka ji “fis” gajere sannan shiru. In sautin ya ci gaba, bakin bai zauna ba, iska kake zubarwa, lambar da ka gani kuma ƙarya ce. Cire ka sake. In iska ta yi yawa, danna ɗan tsinken da ke tsakiyar bawul kaɗan-kaɗan kana sake aunawa. In ta gaza, rubuta nawa ta gaza.

Wannan rubutawar ita ce dabarar da ke warware matsalar nisa. A ce takarda ta ce 32, ka auna a gida da safe ka ga 28, mai faci kuma yana da nisan kilomita 6. Kafin ka isa tayar ta ɗumama, tana nuna 30. Kada ka ce a kai ta 32. Abin da ta gaza 4 ne, don haka a ƙara 4 a kan abin da take nunawa a lokacin, ta zama 34. Washegari da safe ka duba, za ka same ta kusa da 32. In kuwa a tsakiyar tafiya ne dole ta sa ka ba taya iska, ba ka san abin da take da shi da sanyi ba, sa 4 sama da na takarda, ka gyara in ta huce. Wanda ya sayi ɗan famfon lantarki da ake jonawa a soket ɗin cikin mota ya huta da duk wannan lissafi.

Wurin mai faci kuma ka faɗi lamba tun kafin ya ja tiyo: “Malam, 32 gaba da baya, ga gejina.” Wani zai ɗan ɓata rai a karon farko. In ka zama abokin cinikinsa, da kansa zai riƙa miƙo hannu a ba shi gejin.

Sau nawa? Masu ƙera taya sun ce sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya. A hanyoyinmu masu ramuka da ƙusoshi, ni na fi ganin duk sati biyu. Ɗan haya da ke kan titi kullum, kowane sati.

Lodi

A takardar motocin Turai za ka ga layi biyu: hoton mutum biyu ko uku da lambarsu, sai hoton mutum biyar da akwatuna da tasu lambar. Ta biyun ta fi yawa, musamman a baya, wani lokaci da PSI 6 ko fiye. Ranar da za a tafi gida sallah, an cika kujeru, but ya cika da buhun shinkafa da jarkar mai, layi na biyu ake bi, a kuma yi hakan da safe kafin a tashi. In an dawo an sauke kaya a mayar da ita yadda take.

Sai dai iska ba ta mayar da ƙaramar mota a-kori-kura. A jikin taya, bayan lambar girma, akwai wata kamar 91H. Wannan 91 ɗin na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 615, kuma sai da cikakkiyar iska. H kuma iyakar gudunta ne, kilomita 210 a awa. Golf ɗin da aka ɗora wa buhunan masara har bayanta na shafar ƙasa, ga fasinja huɗu a baya biyu a gaba, ta wuce lissafin kowace takarda. A ce an buga mata 55 don ta ɗauka, wannan bai ƙara wa wayoyin cikinta ƙarfi ba.

Abin da tayar ke faɗa da kanta

Juya sitiyari har ƙarshe ka tsuguna ka dubi zanen tayar gaba daga gefe zuwa gefe. In gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, ta daɗe tana tafiya da ƙarancin iska. In tsakiya ce ta suɗe gefuna na da zane, iska ta yi mata yawa. In gefe ɗaya ne kawai, ba laifin iska ba ne, saitin ƙafa ne ya goce, sai a je a yi alaimen. A cikin ramukan zanen akwai wasu 'yan tudu da aka sa da gangan. In saman taya ya zo daidai da su, zurfin zanen ya sauka zuwa milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Ƙulu a gefen taya kuwa alama ce zaren ciki ya tsinke, galibi daga faɗawa rami ko hawa kan dakalin titi, kuma tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi saurin yin sa domin rim na datse ta. Ƙulu ba ya faci. A cire ta.

In taya ɗaya ce kullum ke sauka fiye da 'yan uwanta, akwai inda take zuba. Fara da bawul: a shafa masa yawu ko ruwan sabulu, in ya yi kumfa to ƙwayar cikinsa ce, canza ta ba tsada. Sai gindin bawul inda robar ke tsagewa don tsufa, sai bakin rim in ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, sannan ƙusa. Tayar da ba ta da tub tana iya riƙe ƙusa makonni tana zuba kaɗan-kaɗan. Hujin da ke kan zane ana iya gyara shi in bai wuce milimita 6 ba, kuma facin da aka cire taya aka yi daga ciki ya fi wanda ake cusawa daga waje aminci. Hujin gefe ba a gyara shi, ko mai faci ya rantse. Murfin bawul kuma kada a raina shi: shi ke hana ƙurar hunturu da taɓon damina shiga su hana ƙwayar rufuwa.

Safaya ita ce marainiya. Sai ranar da aka yi faci a dajin da babu kowa ake tunawa da ita, a fito da ita a tarar ta fi wadda ta sace laushi. A auna ta tare da sauran. In 'yar siririyar nan ce da ke zuwa da motocin waje, iskarta 60 ce, ba 32 ba, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ta kai ka wurin gyara ne kawai.

Fitilar da ake rufewa da salatif

Motocin da aka shigo da su daga Amurka, ƙirar 2008 zuwa sama, suna da wata fitila ruwan ɗorawa a dashbod, mai siffar harafin U da alamar motsin rai a tsakiya. Tana da tarihi. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan fatar samansu ta riƙa ɓarewa a kan gudu motoci na kifewa. Sama da mutum 200 suka mutu a Amurka, akasari a jihohi masu zafi, an kuma sami irin haɗarin a Saudiyya da Benezuwela. An gano aibi a ƙirar tayoyin, amma iska ma ta shiga rigimar: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. A shekarar majalisar Amurka ta yi dokar da ta kai ga tilasta na'urar lura da iskar taya a sababbin motoci daga Satumban 2007. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014.

In fitilar ta kama ta tsaya, wata taya ta yi ƙasa. In ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta tsaya, na'urar ce da kanta ta lalace. A yawancin motocin Amurka na'urar tana maƙale da bawul a cikin taya, da ɗan batirin da ke ƙarewa bayan shekara 5 zuwa 10, kuma ƙarfen da ake ɓanɓare taya da shi yana karya ta cikin sauƙi. Ka gaya wa mai faci tana nan kafin ya fara. Amma ko lafiyarta ƙalau, ba ta maye gurbin geji. An saita ta ne ta kama in iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Motar da ke buƙatar 32, sai ta sauka zuwa 24 fitilar za ta yi magana, alhali tun a 28 taya ta fara cin gefe, mota ta fara shan mai fiye da kima.

Iskar naitirojin da wasu manyan wuraren gyara ke sayarwa ba ta da illa, tana kuma ɗan rage saurin zuba. Sai dai iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Kada ka ƙi ƙara iskar bakin titi don kana jiran ta kuɗi.

Wuri ɗaya ne rage iska ke da hujja: rairayi. Direbobin Hilux da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku suna sace iska sosai don tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Haka wanda ya kafe a rairayin hanyar ƙauye zai iya sauke ta zuwa wajen 18 ko 20 ya fita a hankali, ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, kada tayar ta fita daga rim. Sharaɗin shi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta a sa gudu.

Abu na ƙarshe da za a duba tun ana tsugune shi ne shekarun tayar, domin tsohuwar roba ba ta jure zafi ko da iskarta daidai. Nemi rubutun da ya fara da DOT a gefenta, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda wa'adinta ya cika, manyan kamfanonin taya kuma sun ce ko ba a taɓa ɗaura ta ba kada ta wuce 10. Tayoyin Beljiyam, wato na hannu, da ake jerawa a kasuwa an wanke su an shafa musu baƙi suna ƙyalli, da yawansu zanensu na da kyau amma lambar ta nuna sun tsufa. Wani lokaci lambar tana gefen da ke kallon cikin mota, don haka a karanta ta tun tayar na ƙasa, kafin a biya kuɗi a ɗaura.